Zancen Wani Amana Ne, A Sa Masa Alamominsa Daidai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da mutane da yawa suke ɗauka ƙarami, alhali kuwa ni da na shafe shekaru ina koyar da Turanci ina kuma duba takardun ɗalibai na san irin ɓarnar da yake jawowa. Abin da nake nufi shi ne yadda ake sa alamomin rubutu idan mutum yana kawo zancen wani da Turanci, da kuma yadda ake rubuta tambaya. Mai yiwuwa wani ya ce me ya kawo maganar Turanci cikin jaridar Hausa. Amsar ita ce, masu karanta wannan jarida su ne dai suke rubuta takardar neman aiki da rahoton ofis da bayanin taro da amsar jarrabawa cikin Turanci, kuma na daɗe da lura cewa ƙa'idar da aka yi wa mutum bayaninta da harshen da ya sha a nono ta fi zama masa a zuciya bisa ga wadda ya haddace daga jikin allo.

Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami shi ne wani rahoto da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini in duba masa. A wurin aikinsu an wayi gari an tarar da ƙofar ɗakin ajiya a buɗe, wasu kaya sun salwanta, sai aka sa shi ya ji ta bakin mutum biyu, wato mai gadi da mai kula da ɗakin ajiyar, ya rubuto abin da kowa ya faɗa. A tsakiyar rahoton na ci karo da wannan jimla:

The guard said the storekeeper left the door open.

Duk wanda ya karanta wannan zai fahimci cewa mai gadi ne ya yi magana, ya kuma ɗora laifin a kan mai ajiya. Da na ci gaba da karatu sai na ga sauran bayanin bai yi daidai da haka ba, na ɗago kai na tambaye shi wane ne ya zargi wani a cikin mutanen nan biyu. Ya ce ai mai ajiya ne ya ce mai gadi ya bar ƙofa a buɗe. Na ɗauki jan biro na gyara masa jimlar a gabansa, ta koma haka:

"The guard," said the storekeeper, "left the door open."

Kalmomi tara ne a can, tara ne a nan, kuma ban taɓa jerinsu ba. Waƙafi biyu da alamomin zancen wani kawai na ƙara, amma sai mai zargi ya koma wanda ake zargi. Ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba, jikinsa ya yi sanyi, domin ashe ya riga ya miƙa kwafi ɗaya ga shugabansa tun da safe, kuma abincin mutum ne yake rataye a kan wannan jimla. Daga wurina ya koma ya karɓo takardar ya sake ta.

Tushen maganar duka shi ne, alamar zancen wani alkawari ce tsakanin marubuci da mai karatu. Idan ka buɗe ta ka rufe, kana shaida ne cewa abin da ke tsakiya shi ne ainihin lafazin da ya fito daga bakin mai magana, ba ragi ba ƙari. Idan kuwa ma'anar ce ka riƙe ka zuba ta cikin kalmominka, to ba ka da izinin sa wannan alama. A nan ne kuskure na farko yake, kuma shi na fi gani: mutum ya haɗa hanyoyin biyu wuri ɗaya, ya rubuta He said that "he will come tomorrow." Ai mai maganar bai ce he ba, domin ba wanda yake kiran kansa da haka. Ko dai a kawo lafazinsa yadda yake, a rubuta He said, "I will come tomorrow." ko kuma a cire alamomin gaba ɗaya a ba da labari, a rubuta He said that he would come the next day. Mu ma a Hausa muna da wannan bambanci tsakanin "Ya ce, zan zo gobe" da "Ya ce zai zo gobe", sai dai mu wakilin suna kawai muke sauyawa, Turanci kuwa yakan ja lokacin aikatau baya, will ta koma would, is ta koma was, idan abin ya riga ya wuce.

Game da inda waƙafi da aya suke zama, abin bai da wahala idan an kula. Idan mai ba da labari ne ya fara, ana sa waƙafi kafin a buɗe zancen, a fara zancen da babban baƙi, aya kuma ta shiga ciki: She said, "The meeting is over." Idan zancen ne ya fara zuwa, ba a rufe shi da aya, domin jimlar marubuci ba ta ƙare ba tukuna, sai waƙafi ya maye gurbinta: "The meeting is over," she said. A lura cewa she ta zo da ƙaramin baƙi. Idan kuma aka raba zancen biyu aka cusa mai magana a tsakiya, sai a duba ko jimla ɗaya aka katse ko kuwa jimloli biyu ne. Jimla ɗaya idan an katse ta tana ci gaba da ƙaramin baƙi bayan waƙafi, kamar "I will pay," he said, "but not this week." Jimloli biyu kuwa aya ce take raba su, ta biyun ta fara da babban baƙi, kamar "I will pay," he said. "Give me one week."

Inda na fi so in tsaya shi ne alamar tambaya, domin a nan ne har waɗanda suka yi karatu mai zurfi suke tuntuɓe. Abin da nake gaya wa ɗalibaina kullum shi ne, kafin ka ɗiga wannan alama, tsaya ka tambayi kanka wane ne yake tambayar, kai ne ko wanda ka kawo zancensa. Alamar ta mai tambaya ce, inda yake nan take zama. Idan shi ne ya yi tambayar, tana shiga cikin zancensa: The doctor asked, "Where does it hurt?" Ba a kuma ƙara aya a waje, domin alamar tambaya ta riga ta rufe jimlar, ɗigon da ke ƙarƙashinta ma aya ce. Idan kuwa kai ne kake tambaya a kan wata magana da wani ya faɗa wadda ita kanta ba tambaya ba ce, to alamar taka ce, sai ta fito waje: Did the doctor say, "You may go home"? Likita bai tambayi kowa ba, izini ya bayar, saboda haka sa masa alamar tambaya a cikin bakinsa sauya masa magana ne. Ayar da ya kamata ta rufe zancen likitan kuma tana faɗuwa, ba a haɗa ta da alamar tambaya. Akwai kuma lokacin da ku biyu duk tambaya kuke yi, kai kana tambaya a kan tambayarsa, kamar Did the doctor ask, "Where does it hurt?" A irin wannan hali alama ɗaya ta wadatar, ana barin ta ciki, ba a jera biyu. Hukuncin alamar motsin rai ma haka yake, tana bin wanda ya ɗaga murya.

Wani kuskure da ke biye da wannan shi ne abin da ake yi bayan an rufe tambayar. Da yawa sukan ga alamar tambaya su ɗauka jimla ta ƙare, sai su tashi da babban baƙi, su rubuta "Who opened the door?" He asked. Wasu kuma sukan ji kamar an tauye wa waƙafi haƙƙinsa, su liƙa shi kusa da alamar tambaya. Duka biyun ba daidai ba ne. Abin da ake rubutawa shi ne "Who opened the door?" he asked. Alamar tambaya ta tsaya a gurbin waƙafi, jimlar marubuci kuma tana ci gaba da ƙaramin baƙi har ta kai ayarta.

Sai babbar matsala, wato tambayar da aka ba da labarinta, wadda ba a kawo ta da lafazin mai ita ba. Wannan ba ta ɗaukar alamar tambaya ko kaɗan, domin wanda ya rubuta ta ba amsa yake jira ba, labari yake bayarwa. He asked me where I was going. jimla ce ta bayani, aya ce take rufe ta. Ina ganin akwai dalilin da ya sa mu masu Hausa muke yawan zamewa a nan, kuma dalilin yana cikin ginin harsunan biyu. A Hausa jerin kalmomi ba ya sauyawa sosai tsakanin "Ina za ka?" da "Ya tambaye ni ina za ni", kuma idan tambayar ta e ko a'a ce, sau da yawa karin murya ne, ko "shin" a farko, ko "ko" a ƙarshe, suke mayar da bayani tambaya. Turanci kuwa yana juya jerin ne, mataimakin aikatau ya riga mai aiki zuwa, a ce Where are you going? Ɗalibi idan ya sha wahala ya koyi wannan juyi, sai ya riƙe shi gam, ya kai shi har inda ba a bukatarsa, ya rubuta He asked me where was I going? Ya yi kuskure biyu ke nan a jimla ɗaya, ya juya abin da ba a juyawa, ya kuma sa alamar da ba ta da gurbi. Idan tambaya ta shiga cikin wata jimla, jerinta yana komawa irin na bayani, do da does da did na tambaya su faɗi, idan kuma ta e ko a'a ce a shigo da ita da if ko whether, kamar She asked whether the shop was open.

Wannan kuskure ya fi yi mini ciwo idan na gan shi a takardar neman aiki ko neman gurbin karatu, inda mutum ya zuba ladabi iyakar ƙoƙarinsa, ya rubuta I would like to know whether the post is still vacant? Niyyarsa tambaya ce, shi ya sa hannunsa ya tafi ga alamar, amma jimlar da ya gina bayani ce a kan abin da yake so ya sani, don haka aya ce hakkinta. Haka ma jimlolin da suka fara da I wonder ko Please tell me. Sai dai kada a wuce gona da iri, domin akwai wadda uwar jimlar kanta tambaya ce, kamar Can you tell me where the office is? Wannan tana ɗaukar alamar tambaya saboda can you, amma ɓangaren da ke ciki ya tsaya a jerin bayani, the office is, ba is the office ba. 'Yar tambayar da ake liƙawa a wutsiyar bayani kuma, irin tamu ta "ko ba haka ba?", waƙafi ne yake gabatarta: You received my letter, didn't you?

Na taɓa sha'awar dabarar masu rubutun Sifaniyanci, waɗanda tun 1754 hukumar harshensu ta ba su shawarar sa alamar tambaya a kife a daidai inda tambaya ta fara, sannan a sa ta tsaye inda ta ƙare, ta yadda mai karatu zai san iyakarta tun kafin ya shiga. Turanci ba shi da wannan gata. Alama ɗaya ce tak a ƙarshe, saboda haka nauyin sanin inda tambaya ta tsaya, da kuma wanda ya mallake ta, yana kan marubuci ne kacokan.

Na san masu karatu za su ce sun ga littattafai sun saɓa wa juna, wani yana amfani da alamar zancen wani mai ƙaho biyu (" "), wani mai ƙaho ɗaya (' '), wani ya sa aya a ciki, wani a waje. Gaskiya ne, kuma ba ruɗewa ba ce, al'adun ɗab'i ne guda biyu. Ita wannan alama asalinta ɗan zane ne da masu kwafe littattafai da hannu suke yi a gefen shafi don su nuna an ɗauko magana daga wani littafi, daga baya masu injin ɗab'i suka riƙa juya waƙafi suna yin ta da shi, abin da ya sa har yau a Ingila ake kiranta juyayyen waƙafi, kuma sai a ƙarni na 18 ne ta zauna sosai a matsayin alamar buɗe magana da rufe ta. Kowace maɗaba'a ta tsara nata salon da take bi. Horace Hart, mai kula da ɗab'i a maɗaba'ar Jami'ar Oxford, ya fitar wa ma'aikatanta ƙa'idojinsu a 1893, maɗaba'ar Jami'ar Chicago kuma ta buga nata littafin jagora a 1906, kuma har yanzu ana sabunta su ana aiki da su. A Amurka ana farawa da mai ƙaho biyu, sannan waƙafi da aya kullum suna shiga ciki, ko da kalma ɗaya aka kawo: He called the plan "useless." A Birtaniya da yawan masu buga littattafai suna farawa da mai ƙaho ɗaya, kuma idan guntun magana aka kawo, aya tana tsayawa a waje tunda ba ta cikin abin da aka ɗauko: He called the plan 'useless'. Amma a kan alamar tambaya da ta motsin rai bakinsu ɗaya, duk suna bin mai ita, haka kuma ruwa biyu da waƙafi mai ruwa duk a waje suke barinsu.

Ni dai a raina na fi karkata ga tsarin Birtaniya a kan wannan gaɓa ta aya, domin ya fi dacewa da amanar da na ambata, cewa kada a sa a cikin zancen mutum abin da ba nasa ba. Hatta a Amurka masu rubuta umarnin kwamfuta sukan fitar da aya waje idan suna nuna abin da za a buga, don kada mai karatu ya haɗa da ita ya buga abu ya ƙi aiki. Duk da haka ban taɓa rage wa ɗalibi maki don ya bi tsarin Amurka ba. Wanda nake ja wa jan layi shi ne mai buɗewa da ƙaho biyu ya rufe da ɗaya, ko ya bi wannan tsari a shafi na farko ya koma wancan a na biyu.

Idan zance ya shiga cikin zance, sai a sauya nau'in alamar, wanda ya fara da biyu ya sa ɗaya a ciki, wanda ya fara da ɗaya ya sa biyu: The witness said, "I heard him shout, 'Stop!' and then the car turned." A hira kuma, duk lokacin da mai magana ya sauya ana buɗe sabon sakin layi. Idan mutum ɗaya ne ya yi doguwar magana har ta kai sakin layi uku, ana buɗe alamar a farkon kowanne, ba a rufewa sai a ƙarshen na ƙarshe, don mai karatu ya san har yanzu bakin bai sauya ba.

Akwai masu cewa yanzu kwamfuta da waya suna gyara rubutu, don haka ba sai an wahala ba. Na yarda suna kama kalmar da aka rubuta ba daidai ba, wani lokaci har su nuna inda waƙafi ya ɓata. Amma jimlar da tsohon ɗalibin nan ya rubuta ba ta da aibi ko ɗaya ta fuskar nahawu, ba na'urar da za ta ja mata layi, domin na'ura ba ta je wurin ba, ba ta san ko mai gadi ne ya yi magana ko mai ajiya ba. Wanda ya ji da kunnensa shi kaɗai ya sani.

Saboda haka ina da roƙo biyu gare ka, ya Edita. Na farko, idan wakilanku suka kawo kalaman da aka faɗa da Turanci suka fassara, a bambanta wa mai karatu tsakanin fassarar lafazin mutum jimla da jimla, wadda ta cancanci alamar zancen wani, da taƙaitawar wakili, wadda "ya ce" ko "in ji shi" suka ishe ta, kuma jaridar ta zaɓi tsari ɗaya na sa alamomin ta tsaya a kansa daga shafin farko har na baya. Na biyu, a ware wani ɗan gurbi, ko da sau ɗaya ne a wata, inda masu karatu za su riƙa aiko jimlolin Turanci da suka shige musu duhu, a warware musu da Hausa. Idan har aka buɗe wannan fili, a shirye nake in riƙa amsa wasu daga cikin tambayoyin, kuma na san akwai malamai da dama da za su ba da tasu gudummawar.

Na gode da filin da aka ba ni.

Wassalam,
Naku mai karatu, malamin Turanci.